Shekara huɗu babu labarin ƙanena, fayil ɗin yana nan inda munka bar shi

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena fataken albasa ne, yakan saro wajen Goronyo ya kawo Sakkwato. Wata Laraba da rani ya fita bayan asuba, har ya ce wa Inna a aje mishi furarshi. Tun ranar ba mu sake sa shi a ido ba. Ko kiran neman kuɗin fansa ba a yi ba, balle mu ce yana hannun mutanen daji.

Munka kai rahoto, anka karɓi hoto biyu. Anka ce mu kawo kuɗin bin layin wayarshi, munka sayar da tumaki biyu. Abin da kuɗin sunka haifar takarda ce guda, wai wayar ta mutu a hanya. Daga nan sai "ku dawo mako mai zuwa". Jami'in da ke riƙe da fayil an yi mishi canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi sau uku yana tambayata sunan yaron, idonshi na kan waya. Cigiya a rediyo, gidan yari, ɗakin aje gawa, duk na taka da ƙafata.

Inna har yau duk wata sai ta fiddo rigunanshi ta shanya, wai kada su yi warin akwati. Matarshi tana gidanmu da diya biyu, iyayenta sun fara aiko magana. Ta ina ake tada fayil da ya kwanta? Ita kuma baiwar Allah wagga, mi za mu ce mata?

Magatakarda:
Malam, ka daina zuwa da baki. Rubuta koke zuwa ga kwamishinan 'yan sanda ka roƙi a mayar da maganar sashen binciken manyan laifuka na jiha, kuma kada ka bar wurin sai an buga hatimin karɓa a kan kwafinka. Ka kai wani kwafin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ka kuma yi mishi rajista wurin Red Cross, suna da sashen neman waɗanda suka ɓace. A dokar shaida ta 2011, sai an shekara 7 ba a ji ɗuriyar mutum ba kotu ke ɗaukar cewa ya rasu.

Bagobiri:
Allah ya bayyana shi. Amma koke? Dadiyata malamin jami'a ne, an ɗauke shi ƙofar gidanshi a Barnawa, Kaduna, watan Agusta 2019, duniya duka ta yi ta ihu. Ina yake? In mai suna ya ɓace haka, ina ga mai albasa. Mu nan wajen Sabon Birni mun daina ma kai rahoto, kuɗin motar zuwa ya fi amfani a tukunya.

Hajiyar Gidan Igwai:
Haba ɗana, kada ka karya mishi zuciya. Yaran Kano tara da anka gano a Onitsha a 2019 fa? Wasu sun shekara biyar, har an canza musu suna. Iyayen ne ba su yi shiru ba.

Almajirin Malam:
Batun matar, a mazhabarmu ta Malikiyya shekara huɗun da matar wanda ya ɓace ke jira ba daga ranar ɓata ake lissafawa ba. Sai ta kai ƙara gaban alƙali, ya sa a bincika, in an rasa shi sannan a fara ƙirga, bayan nan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. In babu abin ciyar da ita, tana da wata ƙofar ta daban. Ku je da ita kotun shari'a, kada ku yanke a zaure.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai. Wallahi mu mun ɗauka shekarun sun riga sun cika. Ciyarwa ni nake yi, ba ta rasa komai ba. Koken zan rubuta gobe in Allah ya kai mu. Kotun ce ban san yadda zan faɗa wa Inna ba, don ranar da surukai sunka fara aiko magana kwana biyu ta yi ba ta ci abinci ba.