Baba mai ciwon zuciya ya kasa barci, me za mu yi?

Ummu_Hanif: Salam jama'a, don Allah ina neman shawara. Babanmu yana da ciwon zuciya, yana shan magungunansa amma barci ya ƙi, sai dai ya yi ta juyi har asuba. Akwai dabarar da ba ta ƙwaya ba?

Ɗan_Fagge: Allah ya ba shi lafiya. Ya gwada jan numfashi a hankali ta hanci, ya sake shi ta baki a hankali, kamar sau 6 a minti ɗaya, na minti 10 kafin ya kwanta. Goro da shayi da kofi kuma a bar su tun daga la'asar.

Anti_Nas: Ƙanwata ki duba lokacin da yake shan maganin sa fitsari irin su Lasix, in da yamma ne ai dole ya kwana tashi, ku tambayi likitansa ko za a maida shi safe amma kar ku canza da kanku. In kuma numfashinsa na sarƙewa in ya kwanta flat, ku ƙara masa filo ku kai shi asibiti, wannan ba na jira ba ne.

Malam_Sabo: Ku riƙa matsa masa ƙafa da man zaitun, a kunna masa karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa. Ƙwayar barci ta kemis dai kar ku saya masa.