Muhawara: Injin samar da wuta daga ruwa ko sola, wanne ya fi wa ƙauyukan Filato?

Injiniya, Bukuru: Assalamu alaikum jama'a. Ina nan kan bakana: duk ƙauyen da Allah ya ba rafi mai gangara a Filato, ƙaramin injin samar da wuta daga ruwa ya fi masa sola. Dare da rana ruwa yana juya farfela, kuma babu batirin da za a riƙa canzawa.

Mai shagon sola, Terminus: Wa alaikumus salam. Yaya, wane rafin? Wanda kake gani a Agusta yana ambaliya, ka koma masa a Maris. Wani ko ƙafarka ba zai rufe ba.

Dattijo, tsohon ma'aikacin kuza: 'Ya'yana, abin nan ya girme ku duka. Tun 1929 kamfanin NESCO yake ba da wuta daga ruwan Kurra, saboda haƙar kuza. Madatsar Kainji sai 1968 aka gama ta. Muna samari, wutar nan muka gani tana tafiyar da injinan haƙa, har yau kuma akwai masu amfani da ita. Amma ku sani, ba a kan rafi kawai suka dogara ba. Madatsu suka gina suna tara ruwan damina don rani.

Mai shagon sola: To ka ji, Baba ya faɗa. Madatsa kuɗi ce mai yawa. Wane ƙauye ne zai iya?

Injiniya: Allah ya ƙara girma, Baba. Ƙanena, ba kowane wuri ke buƙatar madatsa ba. Abu biyu ake dubawa: yawan ruwa da tsayin faɗuwarsa. Lita 100 a daƙiƙa ɗaya, in ta gangaro mita 10 cikin bututu, za ta ba da kusan kilowat 6 bayan an cire asara. Wannan ya isa fitilun gidaje da yawa, da cajin waya, da firijin magani a asibitin ƙauye. Arzikin Filato shi ne tudu. Dubi gangaren ruwan Assop a hanyar Akwanga. 

Hajiya mai injin niƙa, Angwan Rogo: Ni abin da ya dame ni kuɗin mai. Wata rana tun asuba mata sun jera robobin masara da wake, ni kuwa ina lissafin ko ribar za ta biya man. Na tambayi kuɗin solar da za ta ɗauki injina, na kasa. Malam Injiniya, kilowat 6 ɗin nan za ta ja niƙa?

Injiniya: Za ta ja ƙaramin inji, Hajiya, in an tsara lokaci: niƙa da rana, fitila da dare.

Manomin rani, Barkin Ladi: Ku dakata. Ba wanda ya ambace mu. Ruwan nan da shi muke ban-ruwan dankali da kabeji da karas. Lokacin da kuke nemansa, lokacin ne shukarmu ke ƙishi. Kuma yashin masu wankin kuza yana cika hanyar ruwa, na sha kwashe shi da shebur daga bakin tiyona.

Injiniya: Gaskiyarka, Malam. Injin ba ya shanye ruwa, yana mayar da shi rafi a ƙasa. Sai dai gonar da ke tsakanin inda aka ɗiba da inda aka mayar za ta ji a jikinta. Yashi kuma yana cin farfela, dole a yi masa kwarmin da zai kwanta kafin bututu.

Mai shagon sola: In ruwan ya koma lita 10 a Maris fa?

Injiniya: Ko kilowat ɗaya ba za a samu ba. A nan na yarda a haɗa da sola, tunda lokacin rana ta fi ƙarfi. Amma ban janye ba.

Dattijo: To ku daina auna rafi da baki. Ku nemi duro mai lita 200 da agogo, ku je a ƙarshen rani, ku ga daƙiƙa nawa yake cika.

Manomin rani: Ku zo namu rafin, Baba. Duron yana gona, amma a kira masu gonakin ƙasa su ma su tsaya a wurin.