Abin da aka tattauna kan tiyo da mahaɗai na sanyaya kwamfuta da ruwa

1. Baki ya zo ɗaya: a fara zaɓen tiyo, sannan mahaɗi. Tiyo mai laushi awo biyu gare shi, ciki da waje, kamar 10/16mm. Dole mahaɗin ya dace da duka biyun. Mai tauri kuwa waje kaɗai ake aunawa, kuma 12mm ba rabin inci ba ne, yoyo zai yi.

2. Bakin G1/4, wato awon zaren da ake ɗaura mahaɗi da shi, kusan kowa shi yake amfani da shi.

3. Kada a haɗa alminiyam da jan ƙarfe, ruwan zai ci alminiyam ɗin.

4. Nan aka rabu: wasu na son tiyo mai tauri na robar PETG don sauƙin lanƙwasawa, wasu suka ce da zafin Kaduna na Afrilu gara mai tauri na akirilik, ko baƙin tiyo mai laushi na robar EPDM. Ni ma can na karkata.