Neman kalma: magnétorésistance, kafin gobe da safe

Mai shirin kimiyya, Tawa: Salamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe 10 zan shiga rediyo, shiri kan Albert Fert da Peter Grünberg da suka samu kyautar Nobel a 2007. Na maƙale a magnétorésistance. Ku agaza, kada in cika wa manoma kunne da Faransanci.

Malamin fizik, Yamai: Résistance dai turjiya ce, yadda ƙarfe ke hana lantarki wucewa salin-alin. Ka kawo maganaɗisu kusa, sai turjiyar ta canza. Lord Kelvin, masanin fizik ɗan Birtaniya, ya ga haka tun 1856 a baƙin ƙarfe da nikel, amma canjin ɗan kaɗan ne. A 1988 su Fert, kowa a ƙasarsa, suka jera shimfiɗun baƙin ƙarfe da na wani ƙarfe mai suna kurom, sirara ƙwarai. In maganaɗisu ya sa shimfiɗun suka fuskanci gefe guda, lantarki na wucewa da sauƙi. Wurin Fert turjiyar ta ragu kusan rabi, cikin tsananin sanyi. Ni "turjiyar maganaɗisu" nake ce wa ɗalibaina.

Hajiya mai fassara: Malam, hakan kamar maganaɗisun ne ke turjewa. Alhali ƙarfen ne.

Ɗan Ader: Ku daina wahala. MAGANATURJIYA. Kalma guda, kamar ta Nasara.

Baba tsohon malami: Wane irin magana-turjiya? Mai sauraro zai ɗauka gardama ake. Kuma maganaɗisu Larabci ne. Mu mayen ƙarfe muka sani.

Ɗan Ader: Baba, to lantarki fa, gadon kaka ne? A nan ma kowa kuran yake cewa.

Baba tsohon malami: Kullum sai mun jira Kano ta yanke mana kalma? Jami'armu sunan Abdou Moumouni gare ta, masanin fizik, amma kalma guda ta gagare mu!

Hajiya mai fassara: Ba wanda ya ambaci Kano, Baba. Yaron nan gobe zai shiga. Ɗana, ce "canjin turjiya saboda mayen ƙarfe". Ta su Fert kuma ka ƙara "gagarumin" a gaba. Ka ba su misalin faifan ajiyar kwamfuta, kamfanin IBM ya sa dabarar a na'urar da ke karanta shi a 1997.

Malamin fizik, Yamai: Ya yi tsawo, ba ya shiga allo. A rediyo dai na yarda.

Ɗan Ader: Nan da shekara biyar maganaturjiya za ku dawo kuna cewa.

Mai shirin kimiyya, Tawa: Na gode, na ɗauki ta Hajiya. Saura spin, wata kalmar fizik da ita ma nake neman Hausarta.

Baba tsohon malami: Wannan sai bayan sallar isha'i.