Abin da aka tattauna kan gane saƙon imel na 'yan damfara

A wata tattaunawa da aka yi kan wannan batu, shawarar da kusan kowa ya maimaita ita ce a duba adireshin da saƙon ya fito, ba sunan da ke samansa ba. Ɗan damfara zai rubuta sunan bankinka tsaf, amma a cikin adireshin ya musanya harafi ɗaya, ko ya turo ta Gmail. Sai kuma gaggawa: wai za a rufe asusunka yau idan ba ka sabunta BVN ba. Banki ba ya neman PIN ko lambar OTP (lambar sirri ta amfani sau ɗaya da ake turo maka a waya) ta imel, ko kaɗan.

An fi daɗewa ana tattaunawa kan damfarar da ake yi wa kamfanoni, kuma a ganina ita ce mafi haɗari, domin saƙon ba ya zuwa da kuskuren rubutu ko alƙawarin gadon miliyoyi irin na 'yan 419 na da. Takardar neman biyan kuɗi ce kawai daga wanda kuka saba ciniki, sai dai lambar asusun ta canza. Da wannan dabarar wani ɗan Lithuania, Evaldas Rimasauskas, ya karɓe sama da dala miliyan 100 daga Facebook da Google tsakanin 2013 da 2015. Maganin da aka bayar: a kira mutumin ta lambar wayar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba.

Wanda ya riga ya latsa link ɗin da ke cikin saƙon damfara ya shigar da bayanansa, ya canza kalmar sirri nan take, ya kira banki a toshe katin, sannan ya kai rahoto EFCC.