Masu kamun kai sun fi jin daɗi ne, ko haƙuri kawai suke yi?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kullum sai na ƙudura niyyar ajiye waya ƙarfe goma na dare, amma sai ƙarfe ɗaya ta same ni ina latse-latse. Ranar da na matsa wa kaina na bari kuma, sai ƙunci ya kama ni. Don Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Masanin halayyar ɗan Adam Wilhelm Hofmann da abokan aikinsa sun bibiyi mutum 205 a Jamus tsawon mako guda, sau bakwai a rana ana tambayarsu ko akwai abin da ransu ke kwaɗayi a lokacin. Sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna masu kamun kai ba su fi kowa kokawa da zuciya ba, jarabar ce ba ta cika riskarsu ba. A 2014 kuma Hofmann ya gano sun fi gamsuwa da rayuwa, saboda abin da suke so yanzu da burinsu na gaba ba sa yawan karo. Ƙuncin da kike ji daga nan yake: wayar na gefen matashinki, ke kuma kina ta danne zuciya. Ki mayar da caja wani ɗaki, ki nemi agogo mai ƙararrawa don tashin safe.

Amsa: Ƙari a kan wannan, "zan rage waya" ba tsari ba ne. Wani masanin, Peter Gollwitzer, ya nuna niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika: "idan na goge haƙora, zan jona wayar a falo, in ɗauki littafi." Kada ki bar gurbin fanko, hannun da ya saba zai nemi abin riƙewa. Kuma ki daina ƙirga kwana 21 da ake cewa wai a cikinsu sabon hali ke zama jiki. Binciken Phillippa Lally a Landan ya samu tsaka-tsakin kwana 66 kafin abu ya zama jiki, daga 18 har 254 gwargwadon mutum da aikin. Tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Inda ake faɗuwa shi ne a ce tunda an karya yau, shi ke nan.

Amsa: Kada wani ya tsorata ki da gwajin alawar Walter Mischel na Jami'ar Stanford, inda ake ajiye wa yaro alawa ɗaya a ce in ya jira bai ci ba zai samu biyu, wai yaron da ya kasa jira ya shiga uku a rayuwa. Da aka sake duba batun a 2018 da yara kusan 900, aka sa yanayin gidansu cikin lissafi, alaƙar jiran da nasarar yaro a gaba ta ragu ƙwarai. Amma 'yar'uwa, idan ƙuncin ya wuce mako biyu, ga rashin barci ko da babu waya, ki ga likita.