Zan je Milan baje kolin takalma, ya dace in shiga gidan opera na La Scala?

Sani Mai Takalma (Balogun):
Assalamu alaikum jama'a. Insha Allah watan Satumba zan raka maigidana Milan baje kolin takalma na MICAM, dama sana'armu ke nan a nan Balogun, takalma da jakunkuna 'yan Italiya. Bayan an tashi za mu ɗan samu sarari kafin mu dawo Legas, to wani kwastoma ya matsa min wai lallai in je La Scala, gidan da ake wasan kwaikwayo da waƙa. Na duba hoton a waya sai na ga gini ne kawai kamar tsohuwar sakatariya, ban ga abin da ake ta zuzutawa ba. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min, ana barin mutum ya shiga ya ga ciki ko ba zai kalli wasa ba? Kaftani da hula za su yi ko sai kwat? Kuma ya batun sallah in da daddare ne?

Maman Hanifa (Idi-Araba):
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar wajen ginin ya rage maka gwiwa, kowa haka yake cewa, a ciki abin yake. Ana shiga da rana ba sai ka kalli wasa ba, akwai gidan tarihi a gefen ginin tun 1913 aka buɗe shi, ka yanki tikiti ka shiga, za ka ga kayan da mawaƙa suka sa a wasanni, tsofaffin kayan kiɗa, hotuna da takardun da mawallafa suka rubuta da hannunsu, sannan daga nan ake barinka ka shiga ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan 'yan kallo ka leƙa babban zauren. Wallahi wurin nan kaɗai ya biya kuɗin tikitin. Zauren a lanƙwashe yake, hawa shida ne jere a kan juna, huɗu na ƙasa ɗakuna ne ƙanana kowanne da kujerunsa, biyu na sama na masu ƙaramin ƙarfi, ko'ina jan yadi da ado ruwan zinare ga wata ƙatuwar fitila ta sauko daga tsakiyar rufi. Yana cin mutum wajen 2,000. Abu ɗaya dai, in suna gwajin wasa akan rufe wurin leƙawar ko a kashe fitilu, don haka ka tambaya a bakin ƙofa kafin ka biya ko zauren a buɗe yake, in sun ce a'a ka ɗan zaga ka dawo. Kai da ka san fata da ɗinki ka tsaya sosai wajen kayan sawar nan, za ka ga aikin hannu.

Malam Lawal (Agege):
Hajiya ta gama magana, ni tarihi kawai zan ƙara don in ka san abin da wuri ya gani kallon ya fi daɗi. An buɗe shi 3 ga Agusta 1778 lokacin Milan tana ƙarƙashin mulkin Ostiriya, tsohon gidan wasansu ne ya ƙone a 1776 sai aka rushe wani coci mai suna Santa Maria alla Scala aka gina wannan a filin, Giuseppe Piermarini ne ya zana shi. Ɗakunan nan da Hajiya ta ce, attajiran garin ne suka zuba kuɗin ginin kowane gida ya mallaki ɗakinsa, a nan suke karɓar baƙi su ƙulla ciniki da aure, har caca ake yi a zauren shiga a wancan zamanin. A 1943 lokacin yaƙin duniya na biyu bam ya rusa rufin, kuma abin da ke taɓa ni shi ne garin na cikin kango da yunwa amma suka tashi suka gyara shi, 11 ga Mayu 1946 aka sake buɗewa shahararren jagoran kiɗa Arturo Toscanini ya jagoranci makaɗa. Sun sake rufe shi daga 2002 zuwa 2004 don gyara.
Verdi ma, mai tsara waƙoƙin opera da sunansa ya cika wurin, a wani otal kusa da nan ya rasu a 1901, kan titin Manzoni, har ciyawa aka shimfiɗa a titi lokacin jinyarsa don kar ƙarar kofaton dawaki ta dame shi. Kuma wasansa Aida a Afirka aka fara nuna shi, a Alƙahira 1871, kafin ya zo Milan a shekarar da ta biyo.
Ni dai roƙona Sani in ka dawo ka taka zuwa Iganmu ka ga namu gidan wasan, wato National Theatre. An gama shi 1976 saboda bikin al'adun baƙar fata na FESTAC 77, ya yi shekaru a lalace muna wucewa ta gada muna kallonsa, yanzu an gyara an sa masa sunan Wole Soyinka. Da yawanmu an haife mu a garin nan ba mu taɓa shiga ba, abin yana damuna gaskiya.

Abba Obalende:
Ni kam Yaya Sani ban yarda a tsaya a leƙe ba in da hali. Zaure babu kowa gini ne kawai, sai an cika an kashe fitila makaɗa sun fara daga raminsu a gaban dandali sannan za ka gane me ya sa aka yi shi a haka. Ba sa amfani da makirfo fa, mutum ɗaya zai tsaya ya ɗaga murya ta haye makaɗa masu yawa ta iso ka a can hawa na shida, ni abin da ya girgiza ni ke nan ko kalma ɗaya ban gane ba amma tsigar jikina ta tashi. Akwai ɗan allo a gaban kujera yana nuna fassara da Turanci in kana so ka bi labarin.
Kujerun ƙasa tsada gare su sosai in ka juya zuwa naira, amma na sama da sauƙi kuma akan ware wasu a sayar ranar wasan, sai dai layi da haƙuri, wasu kujerun ma gefe guda na dandalin kawai za ka gani. A can saman ne 'yan gani-kashe-nin opera suke zama, su ne in mawaƙi ya yi kuskure suke masa ihu ba kunya, a 2006 sun yi wa mawaƙi Roberto Alagna ihu har ya fice daga dandali ana tsakiyar wasa.
Kaya kuwa gajeren wando da singileti da silifas ne ba sa so, kaftaninka mai guga da hula da takalmi rufaffe ya wadatar, ai kai ba za a koya maka takalmi ba. Sallah, yawanci ƙarfe takwas suke farawa kuma a Satumba rana tana faɗuwa wajen bakwai da rabi, to ka yi alwala tun da wuri ka samu inda za ka yi magariba kusa, kar ka ce sai ka koma masauki mai nisa, don in ka makara ba za su bar ka ka zauna ba sai an yi hutu. Isha'i sai ka dawo. Lokacin hutu ana sayar da giya a wajen shan ruwa, ka sani tun yanzu, ka iya zamanka a kujerarka.

Sani Mai Takalma (Balogun):
Allah ya saka da alheri duka. Maigida ba zai zauna awa uku yana jin waƙar da bai san me ake cewa ba, shi zan kai shi gidan tarihin da rana, ni kuma in gwada na dare in na samu tikitin sama. Malam na ji batun Iganmu, insha Allah. Daga wajen baje kolin ya ake zuwa?

Maman Hanifa (Idi-Araba):
Ba wuya. Daga Rho Fiera ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa jan layi, kai tsaye ka sauka tashar Duomo, wajen babban cocin garin, ka bi ta cikin rufaffiyar kasuwar nan Galleria Vittorio Emanuele ka fita ɗaya ƙarshen, za ka ga gunkin Leonardo da Vinci a tsakiyar fili, ginin na tsallaken titi. Ka riƙe waya da fasfo da kyau a cikin jirgi da kuma wajen Duomo saboda masu yankan aljihu, kuma tikitin dare ka duba jadawalinsu tun kana Legas don ba kullum ake wasa ba.